Yadda Ake Haɗa Na'urar Wasan Bidiyo da Hom Tiyata Har Sifikun Baya Su Yi Aiki

Mafi yawan waɗanda suke kukan cewa sun haɗa PlayStation ko Xbox da hom tiyata amma sautin bai gamsar da su ba, idan aka bincika za a tarar babu abin da ya lalace a cikin kayan nasu. Hoto yana fitowa garau, ƙara ma tana tashi, sai dai ko daga cikin talabijin take fitowa alhali manyan sifikun suna tsaye shiru kamar kayan ado, ko kuma na gaba guda biyu ne kaɗai suke aiki, na baya kuwa ko tari ba sa yi. Dalilin kusan ɗaya ne a kowane gida. Sautin da na'urar wasa take fitarwa yana ratsa ƙofa biyu ko uku kafin ya kai ga sifika, kuma ƙofar da ta fi ƙunci a cikinsu ita take ƙayyade abin da zai isa kunnen mai wasa. Saboda haka kafin ka sayi waya ko ɗaya, ka ɗauki tocila ka leƙa bayan kayan guda uku, wato na'urar wasa da talabijin da hom tiyata, ka karanta abin da aka rubuta a gefen kowace kafa.

Abin da muke kira hom tiyata ba iri ɗaya ba ne. Akwai babbar amfilifaya mai zaman kanta, irin ta Yamaha ko Denon ko Onkyo, wadda bayanta yake cike da kafofin HDMI masu rubutun IN da guda ɗaya ko biyu masu rubutun OUT. Akwai wadda aka fi gani a falukanmu, mai haɗe da injin faifan DVD da sifiku biyar da wufa. Akwai doguwar sifika guda ɗaya da ake shimfiɗawa a ƙasan talabijin, sannan akwai masu araha waɗanda ba su da komai a baya sai kafar ja da fara da bulutut. A kan ta biyun nan, mai haɗe da DVD, ne mutane suka fi yin tuntuɓe, domin tana da kafar HDMI guda ɗaya, sai mutum ya cusa wayar na'urar wasa a ciki yana jiran sauti. Wannan kafar fita ce, an yi ta ne domin aika hoton faifai zuwa talabijin, ba ta karɓar komai daga na'urar wasa. Na taɓa tarar da wani maƙwabcina ya canza waya uku a kan wannan, yana ta zargin mai shago, alhali kalmar OUT tana nan a rubuce da ƙananan haruffa farare a ƙarƙashin kafar, ƙura ce kawai ta rufe ta.

Ya kamata kuma a san ma'anar 5.1 da ake rubutawa a jikin kwali. Biyar ɗin hanyoyin sauti ne daban-daban, wato hagu da dama na gaba, na tsakiya wanda yake ɗauke da magana, da hagu da dama na baya, ɗayan kuma na wufa ne mai ɗauke da rugugi. Yawan sifiku ba shi ne shaida ba. Na'urar da ba ta da mashiga sai ja da fara, hanya biyu kawai take karɓa, kuma ko da sifikunta biyar duk suna ƙara, sautin nan na hagu da dama take rarraba musu. Za ka ji falo ya cika, amma takun abokin gāba da ya zagayo ta bayanka a cikin wasa ba zai fito daga baya ba.

Hanyar da ta ratsa ta amfilifaya

Idan na'urar sautinka tana da kafar HDMI mai rubutun IN, to ka huta. Ka kashe kayan duka daga soket, ka ɗauki waya daga na'urar wasa zuwa ɗaya daga cikin kafofin IN, wadda aka rubuta wa GAME idan akwai, sannan ka ɗauki waya ta biyu daga kafar OUT zuwa talabijin. Amfilifaya za ta cire sautin ta raba wa sifiku, ta miƙa hoton gaba. A ganina wannan ita ce hanyar da ta fi kowace tsabta, domin sautin bai bi ta hannun talabijin ba balle ta rage shi, kuma ta nan ake samun hanyoyi shida ko takwas ba tare da an matse su ba.

Sharaɗinta ɗaya ne, shi ne amfilifayar ta iya wuce da irin hoton da na'urar wasa take fitarwa. PlayStation 5 da Xbox Series X, waɗanda suka fito a watan Nuwamba na 2020, suna iya fitar da hoton 4K sau 120 a daƙiƙa, kuma wannan sai da HDMI 2.1 wanda aka ƙaddamar a 2017, mai ɗaukar gigabit 48 a daƙiƙa. HDMI 2.0 na 2013 gigabit 18 yake ɗauka, iyakarsa 4K sau 60. Amfilifayar da ta girmi wannan kuma za ta iya mayar da kai kan 1080p ko ta hana HDR, wato tsarin da yake ƙara wa hoto haske da launi, wucewa. Idan talabijin ɗinka ma 1080p ce, ko wasanninka ba su wuce na ƙwallon ƙafa ba waɗanda hoto 60 a daƙiƙa ya ishe su, babu asarar da ka yi. Amma idan talabijin ta fi amfilifaya zamani, kada ka bari tsohuwa ta tsaya a tsakani, ka koma hanya ta biyu.

Hanyar da ta ratsa ta talabijin

A nan na'urar wasa tana shiga talabijin kai tsaye, talabijin kuma ta mayar da sautin zuwa hom tiyata. Ka nemi kafar HDMI da aka rubuta wa ARC ko eARC a bayan talabijin, yawanci guda ɗaya ce tak, ka haɗa ta da kafar OUT ta hom tiyata wadda ita ma take ɗauke da wannan rubutu. Na'urar wasa kuma ta shiga wata kafar dabam. Wasu daga cikin masu haɗe da DVD ɗin nan suna da ARC a kafarsu guda ɗayan, don haka kafar da ba ta da amfani ga na'urar wasa kai tsaye takan yi amfani ta wannan zagaye.

Tsakanin ARC da eARC akwai tazara mai yawa duk da harafi ɗaya ne ya raba su. ARC ya zo ne tare da HDMI 1.4 a 2009, kuma ƙofarsa ƙarama ce. Yana wuce da sautin hanya biyu marar matsi, ko kuma 5.1 da aka matse a tsarin Dolby Digital, amma 5.1 marar matsi ba ya shiga. Shi kuwa eARC, wanda ya zo da HDMI 2.1, yana ɗaukar kusan megabit 37 a daƙiƙa, abin da ya ishi 7.1 marar matsi da Dolby Atmos, wato tsarin da yake kawo sauti har daga sama. Sai ɓangarorin biyu duk suna da eARC ake samun wannan, idan ɗaya ARC ne kawai, to su duka za su sauko matakinsa.

Bayan haɗa waya akwai saiti uku a cikin talabijin waɗanda idan aka bar ɗaya aikin bai cika ba. Na farko, a kunna tsarin da yake ba kayan HDMI damar yi wa juna umarni, domin ARC ba ya tashi sai da shi a yawancin talabijin. Asalin sunansa CEC, sai dai kowane kamfani ya raɗa masa nasa suna: Samsung suna ce masa Anynet+, LG suna ce masa SimpLink, Sony kuma Bravia Sync. Na biyu, a shiga sashen sauti a sauya mafita daga sifikun talabijin zuwa na'urar waje. Na uku shi ne wanda aka fi mantawa, wato tsarin sautin da talabijin za ta fitar. Idan an bar shi a kan PCM, wato sauti marar matsi, a talabijin mai ARC, za ta murƙushe duk abin da aka ba ta ya koma hanya biyu, don haka a mayar da shi kan Pass Through, ko Auto idan babu wancan.

Wayar haske, da ja da fara

Idan babu ARC, abin nema na gaba shi ne ƙaramar kafa mai kusurwa huɗu da aka rubuta wa OPTICAL ko DIGITAL OUT. Kamfanin Toshiba ne ya fito da ita a 1983, kuma haske take aikawa ta cikin siririn zare, ba lantarki ba. Idan talabijin tana kunne ka tura 'yar ƙofar kafar da farce, za ka hango jan haske a ciki. Sabuwar waya tana zuwa da 'yar hular roba a kowane baki, mai kama da ƙwayar gero, kuma dole a cire ta kafin a soka. Bakin yana shiga ta fuska ɗaya ce kawai, idan ya zauna za ka ji ya yi ƙas. Kada a lanƙwasa wayar sosai ko a ɗora mata ƙafar teburi, domin zaren cikin yana karyewa alhali fatar waje tana nan lafiya. Hanyar gane mai rai ita ce a soka baki ɗaya a talabijin a nufi tafin hannu da ɗayan, idan jan ɗigo ya bayyana to tana aiki.

Iyakar wayar haske daidai take da ta ARC, ko hanya biyu marar matsi ko 5.1 na Dolby Digital ko DTS, wanda shi ma tsarin matse sauti ne. Tsofaffin na'urorin wasa sun fi sauƙi a nan saboda suna da kafar a jikinsu: PlayStation 2 da PlayStation 3 da PlayStation 4 ta farko ta 2013 da PlayStation 4 Pro duk suna da ita, haka ma dangin Xbox One. Da irin waɗannan sai hoto ya tafi talabijin ta HDMI, sauti kuma ya tafi hom tiyata kai tsaye ta wayar haske. PlayStation 4 Slim ta 2016 ba ta da ita, haka PlayStation 5 da Xbox Series X da Series S, don haka a waɗannan sai an ɗauko sautin daga kafar hasken talabijin. A kula cewa ba kowace talabijin ce take wuce da 5.1 da ya shigo mata ta HDMI zuwa kafar haske ba, wasu hanya biyu kawai suke bayarwa, kuma da yawa daga na zamani ba sa wuce da DTS sam.

Maganin irin wannan talabijin shi ne wani ɗan akwati da bai wuce girman kwalin ashana biyu ba, mai tsamo sauti daga HDMI. Wayar na'urar wasa tana shiga ta gefe ɗaya, wata ta fita zuwa talabijin, sannan yana da kafar haske da ta ja da fara. A jikinsa akwai ɗan maɓalli mai matsayi uku, galibi 2CH da 5.1CH da PASS. Idan ta wayar haske za ka bi ka sa shi a 5.1CH, idan kuma hom tiyatarka ja da fara kaɗai ta sani, ka sa shi a 2CH. Ka tabbatar akwatin yana wuce da girman hoton da kake so kafin ka biya kuɗi, domin masu araha da yawa 4K sau 30 ne iyakarsu. Haka nan ƙaramin akwatin da yake juya hasken talabijin zuwa ja da fara bai san Dolby ba, idan ba a sa talabijin a kan PCM ba, ko dai a ji shiru ko a ji wata ƙarar shuu mai ciwon kunne.

Bulutut kuwa ba na ba da shawararsa ga mai wasa. PlayStation da Xbox ba sa haɗuwa da sifikar bulutut kai tsaye, idan kuma aka bi ta talabijin, jinkirin yakan kai ko ya wuce kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, sai ka ga ƙwallo ta shiga raga kafin ka ji bugunta.

Abin da za a gaya wa na'urar wasa

Na'urar wasa ba ta ganin falonka, abin da ka gaya mata shi take bi. A PlayStation 5 a shiga Settings, sai Sound, sai Audio Output. A wurin HDMI Device Type a zaɓi AV Amplifier, ko da wayar talabijin ta fara shiga, muddin sautin zai ƙare ne a sifiku biyar ko bakwai, sannan a faɗi yawan hanyoyin. A ƙasan shafin akwai Audio Format, kuma a nan ne maganar ƙofa take dawowa. Idan ta amfilifaya ka bi kai tsaye ko ta eARC, ka zaɓi Linear PCM. Idan ta ARC ko wayar haske ka bi, ka zaɓi Dolby, domin shi zai shige ƙaramar ƙofar da hanyoyinsa shida a cike. Mutane sukan ɗauka Dolby ya fi PCM daraja saboda sunansa ne ake bugawa a kwali, alhali PCM shi ne asalin sautin, Dolby Digital kuwa matse shi aka yi domin ya shiga inda ba zai shiga ba. Tun watan Satumba na 2023 an ƙara Dolby Atmos a cikin zaɓin, amma ba shi da amfani sai ga mai na'urar da ta san shi. A PlayStation 4 saitin yana ƙarƙashin Sound and Screen, inda ake fara zaɓen kafar da sauti zai bi, ko HDMI ko ta haske.

A Xbox a shiga Settings, sai General, sai Volume & audio output, a zaɓi 5.1 uncompressed ko 7.1 uncompressed idan ƙofar babba ce, ko Dolby Digital idan ƙarama ce. Mai son Atmos sai ya sauke manhajar Dolby Access. Nintendo Switch kuwa tata matsalar daban ce, domin 5.1 ɗinta marar matsi ne kawai, ba ta san Dolby Digital ba. Ta ARC ko wayar haske hanya biyu kaɗai za a samu daga gare ta, sautin zagaye sai ta eARC ko ta amfilifaya kai tsaye.

Idan baki ya riga murya, ko murya ta riga baki, ka fara da sa talabijin a yanayin wasa, wato Game Mode, wanda yake kashe gyare-gyaren hoto masu cin lokaci. Hoto ɗaya a wasa mai 60 bai kai milisakan 17 ba, don haka jinkirin milisakan 100 ya kai hoto shida. Ka duba saitin Lip Sync ko Audio Delay a amfilifaya, amma ka sani jinkirta sauti kawai yake iyawa, ba ya gaggauta shi. Idan sautin ne yake makara, a mayar da wannan adadi sifili, a kashe ƙarin armashin da talabijin take yi wa sauti, a kuma koma PCM idan hanyar ta ba da dama, saboda matsewa da warwarewar Dolby su ma suna cin ɗan lokaci.

Wurin sifiku da batun wuta

Duk wannan wahala za ta tashi a banza idan aka jera sifikun biyar a gaban talabijin kamar 'yan makaranta, abin da ake yi a gidaje da yawa saboda gudun jan waya. Ta tsakiya ta zauna daidai saman talabijin ko ƙasanta. Na gaba biyu su buɗe kamar digiri 30 hagu da dama daga inda kake zama. Na baya su kasance a gefe su ɗan wuce kafaɗa, wajen digiri 110, su kuma ɗan ɗara kunne tsayi. Wufa ba ta da zaɓen wuri sosai, sai dai idan aka cusa ta a lungu rugugin yakan yi yawa ya danne magana. Sauti yana cin kusan mita 343 a daƙiƙa, wato kowace mita milisakan uku ce, shi ya sa amfilifaya take tambayar nisan kowace sifika, kuma ya kamata a auna da tef a rubuta mata gaskiya. Jar waya ta shiga jan maƙale, baƙa ta shiga baƙi, a kowane ɓangare, domin idan aka juya guda ɗaya sautin yakan zama fayau marar nauyi. Bayan an gama sai a kunna gwajin da yake zagaya sifiku ɗaya bayan ɗaya, a tabbatar hagu yana hagu.

Mai sayen kayan hannu da aka shigo da su daga waje ya karanta rubutun da yake kusa da wayar wuta kafin ya soka. Wutarmu ta 220 zuwa 230 ce, amfilifayar da aka yi wa kasuwar Amurka kuwa galibi 120V kawai aka rubuta mata, kuma sokawa ɗaya ta isa ta ƙone ta idan babu tiransifoma mai rage ƙarfin wuta. PlayStation 4 da PlayStation 5 suna karɓar 100 zuwa 240, amma tubalin wutar Xbox 360 da na Xbox One ta farko na yanki ne, shi ma sai an duba. Kayan uku su sha wuta daga wuri ɗaya mai kariya daga hauhawar wuta, kuma kada a zare ko a soka HDMI suna kunne, musamman a gidan da ba a yi wa wayar ƙasa ba, inda za ka taɓa bakin waya ka ji tana ɗan cizo. Kada a ɗora na'urar wasa a kan amfilifaya, domin zafinta ta sama yake fita, kuma a watannin Maris da Afrilu ko ba a toshe mata iska ba tana shan wahala.

Wani lokaci komai yana tafiya daidai, sai a ɗauke wuta, a dawo da ita ko a tayar da janareta, sai a ga hoto babu sauti. Galibi gaisuwar da kayan HDMI suke yi wa juna ce ta sarƙe. A zare su duka daga soket na minti ɗaya, sannan a kunna talabijin, a bi da hom tiyata, na'urar wasa ta zama ta ƙarshe. Idan har yanzu shiru, a tabbatar hom tiyata tana kan mashigar da ta dace, wato TV ko ARC ko OPTICAL gwargwadon wayar da aka bi, sannan a duba hannun wasa, domin idan yaro ya bar abin sauraro na kunne a soke a jikinsa, na'urar takan karkatar da sautin duka can ta bar falo shiru.